Ƙwayar da na riƙa saya wa Goggo

Goggo, ranar Talata, sha bakwai ga watan Maris, da hantsi, Mai rai Ya karɓi abinSa. Kin cika a asibiti, a gado na uku daga ƙofa, hannunki na dama naɗe da bandeji, ni kuma ina waje ina neman ruwan zafi. Daga gare Shi muka zo, can kuma za mu tarar da ke.

Shekara talatin da ɗaya kika yi a kan keken ɗinki. Da mahaifiyata ta rasu, ke kika ɗauke ni ina 'yar shekara shida, kika haɗa ni da 'ya'yanki ba bambanci. Ba ki iya rarrashi da baki ba. In na yi kuka sai ki ce, “Zo ki zura mini zare, idona ya gaji,” alhali idonki ya fi nawa gani. Mai gadin layinmu ya yi shekaru yana kawo miki riga ɗaya kina yi mata faci, kina yi masa faɗa. Ranar da ta ƙi ɗinkuwa kika yi masa sabuwa, kika ce ai ragowar yadi ne. Ni na raka ki sayen yadin.

Shekara uku da suka wuce gaɓoɓin yatsunki suka kumbura, har almakashi ya gagare ki. Wata safiya na same ki zaune gaban keken kin zuba masa ido kawai. Ranar na je kantin magani, mai kantin ya ba ni wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, ba takardar likita, ba tambaya. Kwana biyu kika koma aiki. Kika ce, “'Yar nan, kin dawo mini da hannuna.” Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba, kuma tun daga ranar ban bari ƙwayar ta yanke miki ba. Kika ce kada in gaya wa Yaya, babban ɗanki, don zai kai ki asibiti a hana ki ɗinki. Na yi shiru.

Fuskarki ta ciko, kumatu suka fito. Masu kawo ɗinki suna tsokanarki wai tsufa ya karɓe ki, mu kuma muna ta dariya.

Watan jiya allura ta soke ki a yatsa, abin da ya faru sau dubu. Wannan karon wurin ya ƙi warkewa. Kullum in taɓa goshinki in ji shi da sanyi, in ce wa kowa da sauƙi, tunda ba zazzaɓi. Sai da kika fara kiran mahaifiyata kina yi mata magana sannan muka ɗauke ki zuwa asibiti.

Likitar ta ja ni gefe ta tambayi abin da kike sha. Na fito da kwalin daga jaka. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi mini bayani a hankali. Ta ce fararen ƙwayoyin jini su ne ke rugawa inda cuta ta shiga su cinye ta, kumburi da zafin jiki kuma alamar suna bakin aiki ne. Irin wannan maganin yana kwantar da ciwon gaɓoɓi ta hanyar kashe musu gwiwa. In an daɗe ana sha, ƙwayoyin jinin suna nan cikin jini, wani lokacin ma har su ƙaru, amma ba sa zuwa inda ake bukatarsu. Cutar ta bi jininki ba mai tare ta, jikin ma ya kasa yin zafi ya gaya mana. Ta ce maganin yana ceton mutane, amma da awo da sa ido, kuma wanda ya saba da shi kada ya yanke shi rana ɗaya sai ya ga likita. Ba ta zarge ni ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Allah Ya jiƙanki, Goggo. Ya sa jinyarki ta zama kaffara, Ya yalwata kabarinki, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta mutane.

Yaya, kai da ƙannenka, Allah Ya ba ku haƙuri. Kwana tara ke nan kuna yi mini godiya wai na kula da mahaifiyarku, ni kuma ina sunkuyar da kai. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ni na riƙa saya, duk wata, da hannuna, kuma na ɓoye muku. Na kasa faɗa a gabanku, shi ya sa na rubuta. Ku yafe mini in za ku iya.