Yadda Ƙafata Ta Taso Kawu Daga Ƙauye

Inna da ƙanenta sun yi shekaru ba su sa juna a ido ba, alhali tsakanin Jibiya da ƙauyensa na bayan Maraɗi, in ka yi atishawa mai ƙarfi sai a amsa maka daga can. Ba faɗa suka yi ba. Ita ta ce ita ce babba, ƙarami ke zuwa gaida babba. Shi kuma Kawu ya ce gwiwoyinsa sun yi murabus, in ya hau mota sai dai a kwashe shi da shebur. Haka suka yi ta aika wa juna daddawa da kilishi, tsufa na cin su. Da idon Inna ya fara hazo sai hankalina ya tashi, kada ranar haɗuwar ta zo ta tarar ba ta iya ganin fuskarsa. Na yi ta lallashi har ta yarda mu je, bisa sharaɗin duk wanda ya tambaya a ce ni na matsa mata.

Mu uku muka tashi, ni da Inna da uwargida. Na sha babbar riga ta shadda wadda ta ci sitaci har in an ajiye ta tana iya tsayuwa da kanta ta bi jam'i. A Magama, bakin iyaka, muka sauka, aka gama duba takardu, aka sa matan a motar tsallake. Wurin zamana kuwa tsarabar Inna ta cinye shi, don tsohuwar ta kwaso rabin kasuwar Jibiya. Sai na tari kabu-kabu, wato ɗan acaɓan can, in bi su a baya.

Mai babur ɗin, wani Bamaraɗe mai ladabi, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka tattare rigar ga tukun."

Na ce, "Rigar da aka wuni ana bugu? Ja mu je, gidan kawuna za ni, ba za a gan ni a yamutse ba."

Muka ɗau hanya, iska ta cika rigar, na zama kamar rumfar biki a kan taya biyu. Daf da shingen duwan, wato kwastan ɗin can, sai gefen rigar ya leƙa cikin tayar baya. Abin da na sani kawai shi ne na tashi sama, na hango Maraɗi, na hango Katsina, sannan na sauko a kan ƙafar hagu. Mai babur ko ƙwarzane bai yi ba. Wani jandarma ya tsayar mana da mota, aka wuce da ni wani asibiti a Maraɗi. Ƙashin idon sawu ya karye, aka sa filasta, likita ya ce sai kumburi ya saɓe zai sallame ni.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta nuna damuwa da ni a gaban mutane. Ɗakin da nake ko ƙofarsa ba ta taka ba. Ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro daidai tagata, ta ja carbi. Da yamma uwargida ta shigo da saƙo.

"Malam, Inna ta ce tafiyar ga ba ta karɓe mu ba. Da an sallami wancan, gida za mu."

"Ƙauyen fa?"

"Ta ce ko taki ɗaya ba ta ƙarawa."

Wannan magana ta fi karayar yi mani ciwo. Na san Inna, in ta koma Jibiya ba mai sake fito da ita.

Ana cikin haka sai ga taubashina, babban ɗan Kawu, wanda ke sayar da buhunan albasa a Maraɗi. Tun daga ƙofa yake dariya.

"Bawana, mutane mota ke kada su, kai riga ta kada ka."

"Zauna, mai warin albasa. Me ka gaya wa Kawu?"

"Na ce ka ɗan gurɗe."

"Ka cuce ni. Ƙashi ya karye ko bai karye ba?"

"Ya karye."

"To kira shi ka faɗa da babbar murya. Gaisuwa ce yake ƙin zuwa. Ɗan yayarsa na kwance asibiti, in bai zo dubiya ba da wane ido zai dubi mutanen garinsu?"

Allah ya sani, karaya kaɗai muka faɗa a waya. Amma kafin labarin ya tashi daga zauren Kawu ya isa masallaci, tirela ta riga ta bi ta kaina, ana ta neman ɗaya ƙafar a cikin gero.

Washegari da hantsi na ji hayaniya, na sa aka jingina ni da taga. Wata a-kori-kura ce ta tsaya, maƙare da mutanen ƙauye, da ƙoren fura, da zabbi a ɗaure, ga Kawu a tsakiya bisa katifa. Aka sauko da shi a kujera, majiya ƙarfi suka ɗauko shi. Hanyar ɗakina kuwa dole ta bi ta gindin dogon yaro. Daidai wurin tari ya sarƙe shi.

Inna ta ɗaga kai. "Wa ke tari irin na babanmu?"

"Yaya, ni ne."

Ta ce a ajiye shi. Ta matso, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta kawo ta kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Ka tsufa."

"Ke kam yarinya ce ɗanya."

"Ka dai zo."

"Dubiya na zo, ba wurinki ba."

Suka yi dariya, dariyar ta koma hawaye, sannan suka shiga lissafin waɗanda suka rasu. Ni mai karaya aka manta da ni sai bayan azahar. Da aka shigo da Kawu ya dubi ƙafar filasta, ya ɗaga zane ya tabbatar ɗayar na nan, ya ƙwanƙwasa ta da sanda.

"Ina tirelar?"

"Kawu, riga ce."

"Allah ya shirye ka. Da na san riga ce da ban taso ba."

Da la'asar mutanen ƙauye suka fara haramar komawa. Sai na ga Inna ta naɗe tabarma, ta sa ana loda tsarabarta a a-kori-kura. Ta ce wa uwargida tunda ƙaramin ya fara zuwa, yanzu babba na iya rama ziyara, kuma a kula da wancan ya riƙa cin abinci. Ina kallo ta taga ita da Kawu suna gardamar wanda zai zauna gaba, ita ta ci.

Ranar da aka sallame ni, da sandunan dogarawa na tsallaka Magama, ni da uwargida kaɗai. Inna ta aiko cewa ba ta gama ganin ƙanenta ba, sai an ga watan azumi za ta dawo.