Waƙafi Ɗaya, Awaki Uku

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina fiye da kima, na shiga wata ƙungiyar ƴan sa-kai masu rubuta lojisiyel, wato manhajar na'ura, a buɗe. Duk abin da ka rubuta kowa na iya karanta shi, ya ɗauka kyauta, in ya ga kuskure ya turo gyara. A warwatse muke, wasu a Yamai, wasu a Kano, mu ƙalilan a nan Damagaram. Ni bayan rubutun, duk Asabar da safe ina koyar da masu son koyo a wani ajin lakwal, makarantar boko, da aka ara mana a unguwar Kara-Kara. Ordinatar, wato kwamfuta, huɗu ce, mutum goma sha wani abu. In kuran, wutar lantarki, ya ɗauke sai mu koma kan allo da alli. Suna ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ni kuwa kaina yana ƙara faɗi. Har wani gilashi na saya wanda idona bai nema ba.

Ina da aboki tun muna lise, makarantar sakandare, mutumin wani ƙauye ne a yankin Droum. An ba shi ɗan horo ya zama mai duba dabbobin ƙauyukansu. Ba likita ba ne, allurar rigakafi ce da maganin tsutsar ciki, amma yana son aikin kamar me. Abin da ke ba shi wuya shi ne lissafin magani, don kowane magani da yadda ake auna shi bisa nauyin dabba. Na ce ya bar mini wannan. Cikin sati biyu na haɗa masa wani ɗan abu a waya: ka zaɓi magani, ka rubuta nauyi, ya faɗa maka yawan da za ka ba. Ko babu rezo, wato sabis na waya, yana aiki. Na saka shi a rumbun ƙungiya na intanet, aka yi ta yaba mini, ni kuma ina komawa ina sake karanta yabon.

Cikin ɗalibaina akwai wata malamar lakwal, ta girme ni da kusan shekara goma, lissafi take koya wa yara. Da yatsa biyu take buga rubutu, a hankali, kuma tambaya ba ta ƙare mata. Watanta uku da farawa, wata Asabar bayan an tashi ta tsaya har kowa ya fita.

"Mushe, na gwada abin nan naka na dabbobi," in ji ta. "In na rubuta sha takwas da rabi yadda muke rubutawa a lakwal, da waƙafi a tsakani, amsar ba ta yi mini kama da gaskiya ba."

Ina naɗe igiyoyin ordinatar ne, ko ɗagowa ban yi ba. Na ce, "Madam, an gwada shi tun kafin ki san inda ake kunna ordinatar."

Ta ce, "To. Na dai turo gyaran can inda ka koya mana. In ka samu lokaci ka duba."

Na ga saƙon ranar. Ban buɗe abin da ta rubuta ba. Na rufe shi, na sa a ƙasa cewa babu matsala a wurin. Iyakar abin da na yi ke nan, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Wajen wata biyu bayan haka, damina ta fara, da hantsi abokina ya kira ni. Gaisuwar ma guntuwa ce.

"Awaki uku sun mutu a hannuna," ya ce.

Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce an raba musu sikeli mai rataya, ya daina kintacen nauyi da ido. Da can ashirin ko talatin yake rubutawa cif, yanzu kuwa sikeli na nuna masa har da rabi. Wata tsohuwa ta kawo awakinta biyar, ya auna, ya rubuta, ya ba su abin da waya ta ce. Kafin la'asar uku sun fara rawar jiki da dalalar miyau, kafin magariba sun tafi. Biyu kuwa lafiyarsu lau.

"Na ga maganin ya yi yawa," ya ce. "Har na tsaya. Amma sabon magani ne, na ce ko an tsinka shi ne. Kuma na ce kai ka rubuta."

Kwana huɗu ke nan da abin ya faru, sai ranar ya iya kira na. Bai faɗa wa kowa zancen waya ba. A ƙauye magana ɗaya ce: ya kashe wa tsohuwa awaki, kada kowa ya sake ba shi ko kaza.

Na ce ya karanto mini nauyin kowace. Biyun da suka rayu, ashirin da talatin. Ukun da suka mutu, kowace da rabi a ƙarshe. Na buɗe ordinatar, na rubuta 18,5. Ai kuwa. Mu da muka yi karatun Faransanci waƙafi muke sawa a nan, kayan da na ɗora aikina a kansu kuwa na masu Ingilishi ne, ɗigo suka sani. Waƙafin sai su share shi. Akuya mai kilo sha takwas da rabi ta koma ɗari da tamanin da biyar, magani ya ninka sau goma.

Na aika wa duk wanda na san ya ɗauki abin cewa ya daina amfani da shi. Bayan nan na zauna na fi awa ɗaya ina neman hanyar da zan gyara a ɓoye ba tare da kowa ya san dalili ba. Hanyar akwai ta, kuma na san ta. Ba zan yi muku ƙaryar cewa ban yi tunaninta ba.

Washegari na hau moto, babur ɗina, na tafi ƙauyen. Abokina ya tare ni a bakin gari, ya rame. Na ce ya kai ni wurin tsohuwar, ya kira mai gari da duk wanda ke kusa. Muka same ta a tsakar gida tana tsince gyaɗar iri, awaki biyun na ɗaure a gindin rumbu, turaku uku babu kowa a jikinsu. Mutane suka taru a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata jaje, sannan na fara bayani. Na yi ta zancen waƙafi da ɗigo har na ji kunyar kaina, don ba wanda ya gane. Sai na bar wannan na ce, "Inna, ni na ba shi ma'aunin da ba daidai ba. Shi abin da na faɗa masa ya yi. Laifin nawa ne."

Ta ci gaba da tsince gyaɗarta. Can ta ce, "Jar nan ciki gare ta. Nononta nake dama wa jikokina." Ta ɗago ta dube ni. "Ɗana, ku da kuka yi karatu, kafin a kawo abu ƙauye ba a samun wanda zai duba?"

Da na ce babu, ba wanda zai ƙaryata ni. Ko abokina bai sani ba.

"An duba, Inna," na ce. "Wata ta gani ta faɗa mini. Ban saurare ta ba."

Na ji abokina ya juyo ya kalle ni. Ban iya kallonsa ba.

"Don me?" in ji tsohuwar.

"Don ɗalibata ce."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka faɗa wa abin da ta daɗe da sani. "To ka je can wurinta. Ni nawa sun riga sun mutu. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Bayan sati biyu na kai mata ƴan awaki. Ta karɓa, ta sa albarka, ta ce waɗancan ko tari ta yi daga bayan danga sun san ita ce.

Ɗalibata kuwa a lakwal ɗinta na same ta, lokacin da yara suka fita shan iska. Na faɗa mata komai, na fara ba ta haƙuri. Ta tare ni.

"Mushe, ranar da ka rufe shi na yi kuka a gida, na ce na bar ajin nan. Maigidana ne ya ce in koma. Amma yanzu ba haƙuri nake so ba. Buɗe ka karanta."

Na buɗe a gabanta, a kan teburin yara. Layi uku ne gyaran. A ƙasa ta ƙara wani abu da ni bai taɓa zuwa mini a rai ba: in an rubuta nauyin da akuya ba ta kaiwa, waya ta ƙi ba da amsa, ta ce a sake dubawa. Na shigar da shi da sunanta. Na rubuta wa ƙungiya abin da ya faru tun daga farko, har da maganar da na faɗa mata a aji. Ina jiran zagi. Wani daga Yamai wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba ya amsa da cewa daga yau kada mutum ɗaya ya sake rufe gyaran wani shi kaɗai, kuma duk abin da ya shafi magani sai likitan dabbobi ya duba. A kan haka aka tsaya. Ita ce ke riƙe da ajin Asabar yanzu, kuma ta fi ni iya koyarwa nesa ba kusa ba.

Abin da na koya ba mai wuyar faɗa ba ne. Mun buɗe aikinmu don kowa ya gani ya gyara mu, sai ga shi ni da nake wa'azin hakan duk sati na kasa karɓar gyara daga wadda na ga ta fi ni ƙasa. Tun daga lokacin duk gyaran da aka turo mini sai na karanta shi har ƙarshe kafin in duba sunan mai shi.

Amma ba wannan ne ke zaune mini a rai ba. Abokina ne. Mutanen gari sun ji bayanina, wasu sun yarda, wasu kuwa har abada shi ne wanda awaki suka mutu a hannunsa. Ya ƙara shekara ɗaya yana fama, kiran na raguwa, daga baya ya mayar da jakar magani ya shiga fataucin Kano. Yana samu, ya yi gida, yaransa na karatu. In ya shigo Damagaram a gidana yake sauka.

Bara muna cin tuwo tare na ga wuri ya yi shiru, na ce bari dai in faɗa. Na ce, "Aboki, zancen nan na Droum..."

Ya ɗaga hannu. "Ci abincinka."

Na ci. Na san ya yafe mini tun tuni. Sai dai da safe, da na raka shi tasha, muka wuce wani mai janye da tunkiya tana ɗingishi. Ya tsayar da mutumin, ya tsuguna da farar shaddarsa a cikin ƙasa, ya ɗaga ƙafar yana duba kofaton, yana yi mata magana a hankali. Na tsaya a gefe riƙe da jakarsa har ya gama.