Uwar Ampit

Ranar da na fara tuƙa kwalekwalen cibiyar renon marayun kahiu, wato manyan biran nan masu jan gashi na dazukanmu, sabuwar farar riga na saka don a san an yi direba. Ko inji ban tayar ba, wata 'yar mitsitsiyar biranya mai jan gashi ta leƙo daga bayan wata mata, ta ƙare mini kallo, ta fesa mini ayabar da ke bakinta a ƙirji. Mai goyon kuwa Mina Bungeh ce, ƙanwar mahaifiyata. Ko sannu ba ta ce mini ba, bakin biranyar ta goge.

A wurinmu, mace na haihuwa sunanta ke ɓacewa, sai dai a ce uwar wane. Mina ta haura arba'in ana kiran sunanta gatsau, saboda Allah bai ba ta ba. Da masu sare daji don shuka kwakwar manja suka harbe wata kahiu, aka ɓamɓare jaririya daga gawar, aka miƙa wa Mina. Ta raɗa mata suna Ampit. Mutanen gari suka fara ce mata uwar Ampit don tsokana, ita kuwa ta riƙa amsawa da gaske.

Ɗan kahiu shekara bakwai yake yi manne da uwarsa, Mina kuma ba ta rage ko kwana ɗaya ba. Mace mai ciwon gwiwa ta hau bishiya tana lanƙwasa rassa don Ampit ta ga yadda ake sheƙar kwana. Ta fasa gidan gara ta tsotsa a gabanta. Ta kifa ganye a ka lokacin ruwa. Ta yi ihun ƙarya a gaban macijin roba har muryarta ta dushe.

Dokar aikin guda ce, kowa ya san ta: kahiun da ke bin mutum ba a sakinsa a daji, don gonar wani zai faɗa a harbe shi. Keji za a ba shi, ga shi kahiu na iya kai shekara hamsin a duniya.

Da lokaci ya yi, aka kai Ampit tsibirin gwaji a tsakiyar kogi. Bayan wata uku Mina ta roƙi likitan dabbobi ya bar ta ta bi mu kai abinci, wai daga nesa za ta hango. Kahiu ba ya iyo, tsoron ruwa yake kamar mutuwa. Amma Ampit na ganin ta ta sauko, ta riƙe reshe da hannu ɗaya, ta shiga ruwa har ƙirji, ta miƙo ɗayan.

Likita ya ce, “Mina, kin gani da idonki. In ta sake yin haka, ba ni da bakin da zan ce a sake ta.”

Mako na zagayowa ta ce mini, “Tundan, kai ni.”

“Mina, so kike a kore ni?”

“Likita ya sani. Kai dai tuƙi aka ɗauke ka, ba surutu ba.”

Ampit ta sake shigowa ruwa, ta kama gefen kwalekwale. Mina ta ɗaga filafili ta maka wa ruwa, tana zagin ta da muryar da ban taɓa ji ba. Ampit ba ta saki ba. Sai Mina ta sauke filafilin a kan yatsun nan da ta shekara bakwai tana wankewa. Ampit ta yi wata 'yar ƙara, ta ja da baya, ta haye bishiya tana duban hannunta. Har muka iso gida Mina ba ta ɗago kai ba.

Daga ranar Ampit ba ta sake kusantar mutum ba, ta ci gwajin. Aka kai ta can saman kogi, tafiyar kwana biyu, aka buɗe mata ƙofa.

Shekara shida bayan haka, masu bin sawun kahiun da aka saki suka ce sun gan ta da goyo. Mina ta riga ta bar aiki, gwiwa ta ci ƙarfinta, amma ta nace sai da aka ba ta wuri a kwalekwalena. Da hantsi muka same ta a ƙololuwar wata bishiya a bakin ruwa, jariri maƙale a kwiɓinta. Mina ba ta kira ta ba. Ta dai cire hular kabarta don a ga fuskarta.

Ampit ta leƙo, ta daɗe tana kallo. Sai ta tsuke leɓe ta ja dogon tsakin nan da suke wa abin da ba su yarda da shi ba, ta tura ɗanta bayanta, ta karyo reshe ta jefo. Ya sami Mina a kafaɗa.

Na ce bari in ba ta dariya. “To, Mina, ga tukuicin reno ya iso. Da ma ni kika goya, ai da ko kifi na kawo miki.”

Ta share ido da bayan hannu, ba ta daina kallon sama ba.

“Tawa na rena ta iya zama ba tare da ni ba. Kai ka kusa hamsin, har yau a tukunyata kake cin shinkafa. Tayar da injin, muna tsorata mata ɗa.”