Motar da Na Liƙa da Koko

Ana jibi ƙaramar Sallah, a shekarar da na bar makaranta daga aji uku, malaminmu ya fi ni murna, na tsuguna a bayan rumbunmu da rana tsaka, reza a hannu, kwalin sukari a cinya. Wana, Yaya Sale, shi ne sarkin maƙera motar kwali a unguwarmu, can ƙauyenmu na bayan duwatsun Dutse. Ya kafa doka cewa sai wanda motarsa ta kai ranar Sallah a kan tayoyinta huɗu zai shiga jerin da ake yi daga gindin dabinai zuwa bakin kasuwa. Shekara biyu ina bin masu motocin a baya ina ɗaukar musu takalma. Wannan karon na rantse sai na ja tawa.

Kwali kuwa ba ɗaya ba ne, kowanne da halinsa. Na ashana shi ne na ɗan koyo: ka zaro cikinsa rabi, ka soka tsinke biyu, ga akori-kura ta fito, sai dai ba ta fi tafin hannu ba. Na sabulu yana da kauri da ƙamshi, amma taurin kai gare shi, kana lanƙwasa shi zai tsage. Na sukari shi ne ango, ga sheƙi, ga bin hannu, sai dai ba ya yafe kuskure, reza ta goce sau ɗaya ka tashi a banza. Yaya Sale ya ce, "Kai Ado, fara da na ashana, hannunka bai nuna ba." Ni da nake ganin kaina injiniya, sai na yi wa mai shayin bakin titi ɗiban ruwa kwana uku ya ba ni na sukari.

Yankan ya yi kyau, wallahi ba yabon kai ba. Na fitar da ƙofa da tagogi, na yanko tayoyi daga tsohon silifan Inna, wanda daga baya na gane ba tsoho ba ne, na soke su a kara biyu, na ɗaura zaren ja. Saura liƙi. Su Yaya ƙaro suke ɓamɓarowa a jikin bishiyar dakwara, su jiƙa shi kwana biyu ya narke. Ni ina na ga wannan haƙurin? Na lallaɓa madafa na lakato kokon da Inna ta dama na buɗa-baki, na shafe kowace gaɓa da shi, har na ƙara a rufin don ƙarfi. Ya kama kuwa tsam. Na shanya motar a kan turmi na tafi kai wa Baba ruwan alwala, ina tafe ina raina masu wahalar shiga daji.

Da na dawo, jar akuyar Inna na tarar tsaye tana tauna, idonta a lumshe don daɗi. Ta cinye rufin, ta cinye ƙofofin, ta bar mini kara biyu da tayoyi huɗu da zare. Inna ta leƙo ta ce, "To ai ka dama mata, ya za ta ƙi sha?"

Ranar Sallah, cikin sabuwar rigata, na ja ƙwarangwal ɗin nan zuwa gindin dabinai, yara na ta ihu. Yaya Sale ya tsuguna ya juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce, "Huɗu na ce, huɗu ne. Tirela ce ta sauke kaya. Koma can baya." Haka na shiga jerin, ni ne na ƙarshe, ina yi mata kukan inji da baki har kasuwa.

Kwanakin baya a wani shagon littattafai a Dutse na ga motocin takarda a leda, an buga an zana inda za a yanka. Na sayi iri biyu na ce na jikoki ne. Ɗayan takardarsa kamar ta ƙunshin ƙosai, amma kowane mataki da hotonsa, har irina zai bi. Ɗayan mai kauri ne da sheƙi, bayaninsa duk Turanci, muka kalli juna ni da shi, na mayar da shi leda. Na haɗa mai hoton kafin la'asar a ƙofar gidana a Yalwawa, ta fito tsaf, ba ko karkata. Na ɗaga ta ina waige-waige, kowa ya wuce sai ya ce, "Sannu Baba, ta yi kyau." Yaya Sale ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Yau yabo ya yi mini yawa, mai tsugunawa ya duba aikina ne babu.