Ɗakin Bayan Inji

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan ƙanƙara, shi ya sa na san tarin Injiniya tun kafin in san fuskarsa. Bai yi karatun injiniya ba, masu turin kura ne suka laƙaba masa sunan. Aikinsa kula da babban janaretan da ke riƙe ƙanƙara in an ɗauke wuta, kuma a layinmu ɗaukewar ta fi kawowar yawa.

Mai wurin ya ba shi ɗaki a bayan injin, ya ja masa waya. Nan yake zaune da matarsa da 'yarsu Auta mai ciwon fuka. In ciwon ya taso, akwai 'yar na'urar da ake jonawa, a kafa mata a hanci ta shaƙi magani. Wutar na'urar daga injin take, hayaƙin da ke tayar da ciwon ma daga can yake fitowa.

Injiniya ya ɗaura tsumma a kan sanda saman rufi. Kullum da safe, in na idar da lazimi na fito shara, sai in gan shi ya ɗaga kai yana duba inda tsumman ya karkata, sannan ya hau tsani ya kau da bakin salansa, bututun hayaƙin injin, daga tagar yarinyar.

"Injiniya, yau wa ka aika wa?" in ji telan da ke gefe.

"Kai mana. Ba kai ka ce sauro ya dame ka ba?"

"Allah ya isa! Farin yadin mutane fa nake ɗinki!"

Su yi dariya. Amma kafin azahar iska ta juya, labulen Auta ya sha baƙi.

Sai aka gyara layinmu, wuta ta zauna ko ƙiftawa ba ta yi. Injin ya yi shiru har na fara jin kukan kurciya. Auta ta fito tana tsallen igiya a ƙofata, ba ta tsaya dafe ƙirji ba. A kwanakin ne mai wurin ya zo da wani baƙo, suka zagaya injin suna ƙwanƙwasa shi. Mai wurin ya leƙa ɗakin Injiniya ma, ya ce zai yi kyau da ajiyar buhuna.

Injiniya ya same ni a dakali, ya durƙusa.

"Inna, ke da ba kya rabo da carbi, me zan roƙa? In wutar nan ta zauna, ba aiki, ba ɗaki. In ta tafi, kin san sauran."

Na ce ya roƙi zaɓin Allah. Ya ce amin, kansa a ƙasa.

Wata la'asar fankata ta tsaya cak. Mai wurin ya fara ƙwala kira: "Injiniya! Ƙanƙara za ta narke!"

Bai yi gudu ba. Ya karɓi igiyar daga hannun Auta, ya kai ta ɗaki, ya rufe taga, ya cusa zane a ƙasan ƙofa. Ya ɗaga kai: tsumman ya saki jiki, iska ko kaɗan babu, babu inda zai juya salansa. Ya ɗan jima hannunsa a kan makulli, sannan ya yi bismillah ya murɗa.

Kafin ƙarar ta cika kunnena, na ji matarsa ta katanga tana cewa, "Auta, miƙo min wayar na'urarki."