Birkin da ke Ɓangaren Baba

Shekara talatin da huɗu Babana ya yi yana koya wa mutane tuƙi, kuma bai taɓa yarda cewa mai jan mota atomatik direba ne ba. Fasinja ne, in ji shi, da aka ba aron sitiyari. Motarsa ta koyarwa ƙarama ce, fara, mai giyar hannu, da birki da kuloci na biyu a ɓangaren da yake zama. Kullum za ka gan shi a kujerar nan da jarida shimfiɗe a kan gwiwa, jaridar da ban taɓa ganin ya karanta ba. Ɗalibansa suna kiransa Ba-Sauƙi a bayan idonsa, da ya ji sunan kuwa sai ya karɓe shi hannu bibbiyu. Duk wanda ya yi ƙorafin kuloci amsa ɗaya yake samu: kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Shekara uku da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa. Likita ya ce abin gaba zai yi ba baya ba, Baba ya sallami ɗalibansa, ya lulluɓe motar da tamfol a ƙofar gida. Duk Asabar sai ya yaye ya wanke ta ya mayar.

A lokacin ne yayana ya samu aiki a wani gari, ya tafi ya bar na'urar gem ɗinsa a falo. Wata biyu Baba ya yi yana zagin abin, wai shi ya lalata 'ya'yan zamani. Rannan Mama ta dawo daga kasuwa ta tarar da shi zaune a ƙasa, tabarau a ƙarshen hanci, hannun gem, wato abin dannawa, a hannu, ya ce yana binciken inda lalacewar take ne. Cikin duk wasannin da yayana ya bari bai zaɓi kowanne ba sai wanda ya yi suna wajen mugunta. Ɗan mutum ne ake ba ka da guntun takobi, komai a wasan ya fi ka ƙarfi, har kajin ciki, in aka kashe ka kuma sai a mayar da kai can baya ka sake farowa. Baba ya samu mai hali irin nasa.

Da rarrafe ya kai wata gada da wani ƙato mai gatari biyu yake tsaro. A nan tafiya ta tsaya. Wata goma sha ɗaya Mai Gatari yana kashe mana uba safe da yamma, har Mama ta haddace ƙarar mutuwar, tana daga kicin za ka ji ta ce Allah ya jiƙan musulmi. Muna dariya, amma duk gidan mun san abin da ke ransa, don ya faɗa sau ɗaya bai ƙara ba: yana so ya haye gadar nan kafin hannun ya ƙi shi gaba ɗaya.

Ana haka sai masu wasan suka sanar za su ƙara matakin sauƙi, inda bugun ƙato ba zai yi zafi sosai ba. Intanet ta kama da wuta. Wasu na cewa a bar marasa lafiya da marasa lokaci su ma su ga ƙarshen labarin, wasu na cewa in aka cire wahalar me ya rage. Baba ya shiga gardamar tsamo-tsamo, tun da kuma yatsunsa ba sa iya danna waya, ni ce sakatariya. Yana zagaya falo yana faɗa ina rubutawa, har da inda zan sa alamar motsin rai. Na rubuta wa wani bawan Allah da ban sani ba cewa shi da mai atomatik uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abokinsa makanike, wanda yake zuwa duk yamma shan shayi, ya ɗauki ɗaya ɓangaren don kawai ya ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Ya ce in an yi wa bene matakala, wa ya hana mai son hawa ta bango ya hau? Baba ya ce ai shi ya sa motocin da yake gyarawa suke dawowa.

Wata rana da la'asar na leƙo falo na gan shi ya ajiye hannun gem, ya riƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu yana matsawa, yana kallonsa kamar ɗalibin da ya ƙi ji. Bai gan ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji na tsani wani ƙato da babu shi a duniya. Washegari da ya tafi aski na kunna na'urar, na shiga wajen saiti, na danna sauƙi.

A gwaji na uku Mai Gatari ya faɗi. Baba ya miƙe tsaye, ya shiga kiran waya. Ya kira yayana a wurin aiki. Ya kira makanike ya ce ya bar duk abin da yake yi. Da makanike ya iso aka zaunar da shi gaban talabijin, aka yi masa lacca kan haƙuri da dafa dutse. Shi kuwa mutumin da ya saba neman ɗigon mai a ƙarƙashin mota, ido gare shi kamar na shaho. Ya nuna kusurwar allo ya tambaya, wannan ɗan koren ganyen fa, da can akwai shi? Ya zaro waya ya duba, ya karanta mana a hankali, yana jin daɗin kowace kalma. Alamar matakin sauƙi ce.

Kwana uku Baba bai yi mini magana ba. Saƙo ta bakin Mama yake bi, ina zaune a gabansa zai ce ta gaya wa 'yarta ta miƙo gishiri. A rana ta huɗu ya yaye tamfol, ya cilla mini makulli, ya ɗauki jarida ya zauna a kujerarsa. Da yatsa yake nuna hanya, har muka iso hawan nan mai fitilar ba da hannu, inda na koyi tashin mota a tudu ina 'yar shekara sha tara. Fitila ta nuna ja, na tsaya.

Na yi niyyar ba shi haƙuri, amma abin da ya fito daban. Na ce, "Baba, ka tuna ranar da motar nan ta sille da baya a nan, saura kaɗan mu daki bas, sai ta tsaya cak? Ka ce madalla uwata, ƙafarki ta fara hankali. To ƙafata a kan totur take. Ban taɓa birki ba."

Na ƙara da cewa laifi tudu ne, tun da ga mu a kan tudun.

"Babu ɗalibin da ban taka wa birki ba," in ji shi. "Ko ɗaya. Wanda ya daki bas ran farko ba ya dawowa ran na biyu."

"To fushin na mene ne?"

Ya ɗaga jaridar da hannunsa mai rawa ya girgiza mini ita a fuska. "Kin ɗauka wannan don karatu nake ɗauko ta? Shekara talatin da huɗu ba wanda ya ga gwiwata ta motsa. Ke kuma taki ɗaya kika yi, kika bar ganye a allo har makanike ya gani. Aikin banza."

Na tuntsire da dariya, hawaye na zuba, fitila ta nuna kore ana ta danna mana oda. Motar ta tashi sumul. Na saci kallon gefensa, ya riga ya mayar da jaridar kan gwiwa.

Da muka koma gida ya sa na nemi inda ake ɓoye ganyen, babu. Sai ya yanko baƙin salatif ya manna a kusurwar talabijin, har yau a haka Mama take kallon labarai. Bai ce in mayar da saitin ba, ni ma ban tambaya ba. Gardama kuwa bai fasa ba, jiya ma na rubuta masa cewa sauƙi ya kashe zuciyar matasa.

A hayin gadar ashe wani fili ne mai ciyawa da ƙorama, ba kowa a ciki. Yammacin ranar Baba ya kai kusan awa guda yana yawo da ɗan mutumin nasa a wurin, takobi a kube, Mama ta kawo masa shayi ya huce bai sha ba.