Ƙwaryar da Ƙasa Ta Ƙi Ci

A ƙauyenmu na bayan Ringim, da an sauke tuwo kakarmu Iya takan ja tabarma bakin murhu, mu zagaye ta da sauran garwashin. Tuwonta a ƙwarya yake, daddawarta a ganyen kargo.

"Ga ta nan, mai gyangyaɗi ya tafi gun uwarsa," haka take farawa.

Akwai tatsuniyar wata mace da ta gaji da fashewar ƙwarya, ta je ta roƙi Ƙasa ta ba ta wadda ba ta fashewa. Ƙasa ta ce, "Duk abin da na ara wa mutane yana dawo mini in cinye. Wannan kuwa ba zan iya ci ba." Matar ta nace, aka ba ta wata baƙa wuluk. Ƙwarya ta yi ta haihuwa har ta rufe gonaki, gero ya kasa tsirowa, dabbobi suka bi ƙanshin abinci suna haɗiye 'ya'yanta suna mutuwa.

Ranar na fasa ƙwaryar nono an yi mini faɗa, sai na ce, "Iya, ni dai ina son irinta!"

Ta dungure mini kai. "Ja'ira! In kin gama da ita, a ina za ki binne ta?"

Da zan tare a Yalwawa, Iya ta ba ni 'yar akuya. Allah Ya jiƙanta, jikanyar akuyar nan kaɗai ta rage mini daga hannunta. Kwanaki na ji a rediyo ana zancen hana leda a wasu garuruwa, har na yi tsaki: to a me za mu malmala tuwo? Kullum a leda nake yi, ragowar in miƙa wa akuya ta lashe.

Sai ta daina ci, ta rame, ciki ya kumbura. Da ta gagara tashi maigida ya kira mahauci ya yanka. Mahaucin ya leƙo da wani baƙin dunƙule cikin kwano.

"Hajiya, yunwa ce ta ci ta, alhali cikinta a cike."

Na duba, na gane irin ƙullina. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Baiwar Allah da ba ta da bakin ƙara, da hannuna na ciyar da ita.

Na wanke ledojin, ban san dalili ba. Suna nan bayan ɗaki, ko huda babu. Har yau ban sami amsar tambayar Iya ba.